'Yan Damagaram, ina motar kara da 'yar tsana suka shiga?

DanBirni_76:
Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Tambaya gare ni, musamman ga waɗanda suka yi yarinta a Damagaram daga zamanin Kunce zuwa wajen 2000. Wane abin wasa ne har yau in ka tuna shi sai ka ji wani abu a ranka? Kuma don Allah ina kayan nan suka tafi? Motar kara, motar waya, gare, koɗi, dokin kara, 'yar tsana ta ƙashi. Yanzu sai ka taso tun daga ƙofar fada ka ratsa Birni har ka ɓulla Zongo ba ka ga yaro ɗaya yana jan motar da ya ƙera da hannunsa ba. Ni dai a ganina wayar salula ce ta kashe su, amma ina son jin ta bakinku, manya da yara.

MaiGare_Karkada:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni gare, ba sai na yi dogon tunani ba. Ƙarfen ƙafar keke da aka zare wa wayoyi, ka sa guntun kara cikin kwarmin kana turawa kana bi da gudu. Wanda bai samu na keke ba sai ya yi da tsohuwar tayar mobilet. In Inna ta aike ni sayen daddawa da gare nake tafiya, kafin ta gama jajjage na dawo, kuma da baki ake yin ƙugin injin har da oda in an zo kwana.

Yar_Zongo:
Ku maza kullum mota mota. Mu 'yar tsana ce, kuma ba ta roba ba. Bayan sallar layya muke bin gidajen dangi muna neman ƙashin ƙafar rago ko na sa, a kankare shi a wanke a shanya ya yi fari tas. Sai a samo kakin zuma a liƙa a kai a dasa baƙin zare, a zauna a yi mata kitso na gaske, a je wurin tela a roƙi ƙyalle a yi mata zane da kallabi, tsakiya ta zama jigida. Tawa har lalle na ƙunsa mata. In ba lokacin layya ba ne sai a yi ta kara. Kuma ana yi mata aure fa, da kai amarya da guɗa da gara, marfin kwalba ne kwanoninta, gidan ashana ne akwatin lefe, ƙawaye su kawo gudummawar ƙuli-ƙuli da gyaɗa a zauna a ci. Wallahi na fi tuna bikin 'yar tsanata da wasu bukukuwan da na je da girmana.

Makanike_TudunJamus:
Allah ya saka da alheri mai tambaya, ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Motar kara ba da kowane kara ake yin ta ba. Karan hatsi siriri ne yana saurin karyewa, na dawa ake nema, mai kauri wanda ya bushe sarai bayan girbi lokacin da sanyi ya fara shigowa. Sai ka ɓare bayan da haƙori ko reza ka tsaga shi siri-siri, su ne ƙusoshinka, totuwar ciki mai laushi kuma ita ce katakonka. Ka yanka totuwa daidai wa daida ka riƙa soka tsinken nan kana haɗawa, ka fara da ƙasan motar, ka tada kan direba, ka ƙare da bodi. Bayan karan nan kaifi gare shi sosai, duk wanda ya yi motar kara yana da tabo a yatsa, in ya yanke ka sai ka tsotse jinin ka ci gaba da aiki. Taya kuwa sakaina ake fasawa a yi ta gogawa a dutse har ta kewaye, daga baya muka gano tsohon silifa ya fi ƙarko, ka ɗora gwangwanin tumatir a kai ka zana ka yanka.
Da muka ƙara wayo sai muka koma ta waya, a lanƙwasa a ɗaure gaɓoɓin da robar cikin taya, a yi mata dogon sitiyari wanda in ka murɗa daga tsaye tayoyin gaba su juya da gaske. Akwai wani yayanmu a kartiye da har fitila yake sa wa tasa, ƙwan tocila da batir biyu, da dare in ya fito da ita mu bi shi a baya har ƙarshen layi ba mai taɓawa sai ya ba da izini. Berliet muke yi da Land Rover da Peugeot 404 ta ɗaukar kaya. Ranar da Baba ya kai ni gareji ya damƙa ni hannun maigidana, da na leƙa ƙarƙashin mota na ga yadda sitiyari ke tura tayoyin gaba, abin bai zame min baƙo ba, na riga na haɗa irinsa da waya tun ina lakwal.

Dan_SabonGari:
Makanike ka manta zamanin rali. A shekarun 1980 da Paris-Dakar ke ratsa Nijar ta Agadas ana nunawa a Télé Sahel, duk yaran kartiye suka bar Berliet suka koma motar tsere, a rubuta mata lamba da bik a ɗaura mata tayar safaya a baya, a je kan rairayi a yi ta tada ƙura.

Uwar_Biyu:
Ba wanda ya ambaci carafke da 'yar gala-gala? Carafke ba ta buƙatar komai sai 'yan duwatsu masu santsi, kuma Damagaram ai ba a rasa dutse. Kowace yarinya tana da nata da take ɗaurewa a bakin zane ba ta ba da aro.

GaskiyaDaci:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Abin nan da kuke ta yabo talauci ne ya sa mu yin sa, ba wata hikima ba. Ku faɗi tsakaninku da Allah, in ɗan wani babban ma'aikaci ya fito da motar roba mai batir da babansa ya kawo masa daga Yamai, ba watsar da ta karan muke yi mu kewaye shi ba? Ni na sha ba da motata ta waya da na kwana biyu ina yi don kawai a bar ni in riƙe ta roba na ɗan lokaci. Ƙafa duk kaushi, hannu duk yankan gwangwani mai tsatsa, ba allura ba komai. Ni ban ga abin da 'ya'yana suka rasa ba don ba su tona juji neman waya.

Yar_Zongo:
@GaskiyaDaci to ai ba wanda ya ce da kuɗi muke. Amma ni da aka kawo min 'yar tsanar roba daga Kano tsaraba, sati ɗaya na yi da ita na koma wa ta ƙashi, don gashin ta roba ba ya kitsuwa kuma ba ni na yi ta ba.

Mushe_Ritaya:
'Ya'yana, ni na koyar a firamare tun ƙarshen shekarun 1970 har na ajiye alli, bari in sa baki. Maganar GaskiyaDaci akwai gaskiya ciki, rashi ne ya kawo abin, kuma na ga yara da yawa da ciwon hannu ya hana su riƙe alƙalami. Amma rashi bai hana abin ya zama ilimi ba. Yaron da ya taɓa yanka taya huɗu ya ga motar tana ɗingishi don ɗaya ta fi sauran girma, in na zo bayanin da'ira da tsakiyarta a allo ba na wahala da shi. Wanda ya saba auna totuwa da ɗan yatsa ya san ma'anar tsawo da faɗi kafin a ba shi sunansu da Faransanci. Sau da yawa yaron da ke can bayan aji ba ya iya karatu da ƙarfi, in aka fita hutun ƙarfe goma shi ne sarki, duk 'yan gaban aji suna roƙonsa ya gyara musu mota. Wannan girman da yake samu shi ke riƙe shi a lakwal wani lokaci. Abin da ke damuna yau shi ne irin wannan yaron ban san inda zai nuna kansa ba.

Makanike_TudunJamus:
Allah ya ƙara lafiya Mushe. Ni ne yaron bayan ajin nan.

Bako_Tanut:
Ni tunanina ya ɗan bambanta da naku. Mu farin 1984 ne ya kawo mu Damagaram daga wajen Tanut bayan dabbobi sun ƙare, aka sauke mu a gefen gari. Shekarar nan ko karan ma babu, abin da ya saura dabba ta cinye. Gwangwanin man girki na taimako da ake rabawa shi ne ya zama motarmu, in an juye man mu karɓi gwangwanin mu fasa da dutse da ƙusa mu yi babbar mota irin wadda ta kawo buhunan. Har lodi muke yi mata da ƙasa a ƙulle cikin tsumma, ɗaya ya zama mai rabo sauran su yi layi. Yanzu in na tuna sai in ga abin da idonmu ke gani kullum shi muke maimaitawa. Ban ce lokacin daɗi ne ba, Allah kada ya maimaita mana, amma motar nan ita ta sa yaran gari suka fara kula mu har muka zama abokai.

Uwar_Biyu:
Amin ya Allah. Wannan ta taɓa ni Malam Bako.

Matashi_2003:
Iyayena da yayyena a yi min afuwa, ni ɗan bayan nan ne amma kullum mu ake ɗora wa laifi. Kun ce waya ta kashe wasa, to a ina za mu yi wasan? Filin da Babana ke nuna min ya ce nan suke buga balo yanzu gidaje ne da shaguna. Layinmu kabu-kabu da adaidaita ba sa tsayawa tun safe har dare, wace uwa za ta bar ɗanta ya bi gare a guje a nan? Kuma mu ma muna da namu abin tunawa, mun yi bebi-fut a bakin titi, mun tara dala-dala mun shiga gidan gem mun buga ƙwallo a PlayStation, wanda aka ci ya ba da wuri. Nan da shekara ashirin mu ma haka za mu zauna muna cewa yaran yanzu ba su san daɗi ba.

DanBirni_76:
Ƙanena ba laifi muke ɗora muku ba, ku abin da kuka tarar kuka ɗauka. Maganar fili na yarda da ita. Amma lungunan Birni har yau akwai waɗanda mota ba ta shiga, kuma a can ma sai ka ga yara biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Shi ya sa har yanzu ina kan bakana.

Dan_KasuwarDole:
Ni sana'ata ke nan, kayan wasan yara nake saidawa, bari in faɗa muku abin da ba ku lura da shi ba. Ba yaran ne suka canza ba, kayan aikin ne suka ɓace. Tumatir da muka sani a gwangwani yanzu yawanci a leda yake zuwa, madara ma haka. Waya da ƙarfe da tsohuwar ƙafar keke masu sayen tsohon ƙarfe suna bi gida-gida suna saye a kan sikeli, yaro in ya tsinci waya gara ya kai a auna a ba shi kuɗi da ya zauna lanƙwasa ta. Kara kuwa da a gona ake barin sa kowa ya ɗiba, yanzu ana gama girbi ake tattare shi a ɗaure a ɗora a amalanke a kawo gari a saida wa masu kiwo, je ka taɓa damin wani ka gani. Gonakin da ke bakin gari ma an yanka su filaye. To yaron cikin gari da me zai yi motar? A gefe guda ga motar roba 'yar Sin da muke ɗaukowa daga Kano, da dala ashirin ko arba'in uba ya sallami yaro. Ni kaina na san ba ta kwana uku taya ta fita, kuma in ta fita ba ta gyaruwa sai dai a sake saye. Ciniki ne a gare ni amma ba na jin daɗin ganin haka, don ta kara in ta karye mai ita ne ke gyara abarsa.

GaskiyaDaci:
To kun ji daga bakin mai sana'a. Duniya ce ta ci gaba.

Mushe_Ritaya:
Ba haka ya ce ba ɗana, sake karanta ƙarshen maganarsa.

Yar_Mirya:
Ku mutanen birni ne kuke ganin abin ya mutu. Ku zo Mirya ranar Lahadi ku ga 'yan tukwane da 'yan murhu na yumɓu da mata ke kawowa tare da manyan tukwane, har yau ana saya wa 'yan mata suna tuwon ƙasa da su. A ƙauyukan wajen Magarya da Matamai kuma yara suna nan suna yin shanu da raƙuma na laka bayan ruwan sama, sai dai abin da suke kwaikwayo ya canza. Ɗan ƙanwata adaidaita ya yi da kwali da marafen jarka, har da labule. Wani kuma waya ya gina da laka ya manna mata fasasshen madubi yana yawo yana alo alo.

Makanike_TudunJamus:
Hajiya yaron nan mai adaidaita in ya tasa a kawo min shi, da gaske nake.

Dan_GarinMalam:
Ni abin da ban ji an faɗa ba sinimar kwali. A samu babban kwali a yanke gabansa a manna takardar kaye da aka shafa wa man gyaɗa don haske ya ratsa, a kunna kyandir a baya. Sai a yanka mutane da dawakai da kwalin sukari a soka musu tsinken tsintsiya, mai sinima ya ɓuya a baya yana motsa su inuwa na fitowa, shi ne mai magana shi ne mai kiɗa shi ne mai ƙarar naushi. A zauren gidanmu ake yi bayan isha, kuɗin shiga dala ɗaya, wanda ba shi da ita ya kawo dabino ko ƙuli. Yawancinmu ba mu taɓa shiga sinima ta gaske ba, mai kwalin ne ya taɓa bin yayansa ya ga fim ɗin Indiya da na karate, sai ya dawo ya haɗa su wuri guda ya ƙara nasa. Wata rana kwalin ya kama wuta, Kaka ta hana a sake yi a zaure, muka koma bayan gida.

Dan_SabonGari:
Kai wannan ta tuna min Game Boy da aka fara kawowa wajen 1985, mai tubala suna saukowa kana jerawa. Duk kartiye guda ɗaya ce, layi ake yi.

Injiniya_Yamai:
@Dan_SabonGari gyara kaɗan Yaya. Game Boy na kamfanin Nintendo na Japan sai 1989 ya fito, don haka ba zai zama 1985 ba. Kuma abin da ya cika hannun yara a nan cikin shekarun 1990 ba shi ba ne, wata 'yar na'ura ce mai araha da ake rubuta wa wasanni ɗari-ɗari a jiki alhali kusan duk abu ɗaya ne. Wasan tubalan shi ne Tetris, wani masanin kwamfuta Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro shi a Tarayyar Sobiyet. Game Boy na gasken tsada gare shi, balle bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994 da kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, sai ɗan wanda babansa ke fita waje. Ni sai da na je karatu na fara riƙe na gaske.

Dan_SabonGari:
To ko ma wanne ne, batir ɗinsa ne ya cinye mana kuɗin goron salla. In ya yi sanyi mu ciccije shi da haƙori mu shanya a rana mu mayar.

Hajiya_CareZamna:
Ina ta karantawa ina jin maza suna ta lissafin wasa har dare. Ku tuna mu 'yan mata lokacinmu ba kamar naku ba ne. Kowa ya san matsalar ruwa a Damagaram, da asuba kina layin famfo da bokiti, ki dawo ki ɗauki talla, ki dawo ki goyi ƙane. 'Yar tsanar ma sau da yawa a layin ruwa muke yi mata kitso, carafke kuma a gindin tiren talla. Wasanmu na sosai sai da dare in akwai farin wata, a fita dandali a yi gaɗa. Ƙanena kuwa abin wasansa garuwa ce, gwangwanin tumatir biyu da igiya da sanda a kafaɗa, yana bin ɗakunan gida yana saida wa matan gida ruwa suna biyan sa da ƙuli. Don haka in 'yata yau ta samu ta zauna da littafi ko ma da waya ba ta kan layin famfo, ni ba zan ce ta yi asara ba. Abin da nake so ta samu daga namu shi ne ɗinkin nan da kitson, don ni a jikin 'yar tsana na koyi riƙe allura, kuma da keken ɗinki nake ciyar da gidana yau.

Yar_Zongo:
Gaskiya ne Yaya Hajiya, na manta da wannan ɓangaren sai da kika faɗa. Ni a goye da ƙanwata nake yin 'yar gala-gala, ina tsalle tana dariya a baya.

Dattijo_KofarFada:
Yara ku bar ni in ce wani abu kan dokin kara tunda ba wanda ya tsaya a kansa. A zamaninmu bayan hawan salla, in mun ga Sarki ya fita da dogarai da 'yan lifida, washegari duk yaran Birni sai mu shirya namu hawan. A samu dogon kara a lanƙwasa kansa a ɗaure da kaba ya zama kan doki, a yi masa linzami da tsumma ja, a naɗa wa ɗaya rawani da zanen uwarsa ya zama sarki, wani ya riƙe masa laima ta kwali, wani ya buga gwangwani a matsayin tambari, mai baki kuma ya yi roƙo. Kowa ya san muƙaminsa da inda zai tsaya, in ka wuce gaban wanda ya girme ka a sarauta a fitar da kai. A nan muka koyi yadda ake gaisuwa da yadda ake jinjina. Kuma kun san wasan kara da aka san Damagaram da shi, wanda manya ke shiga su kwaikwayi shugabanni da gwamna da sojoji jama'a na kallo, ni a ganina jininsu ɗaya da wannan hawan namu na yara.

Matashi_2003:
Baba wannan kam ban taɓa gani ba sai a hoto. Tashe dai mun yi cikin azumi, shi ma yanzu ya ja baya.

Nas_Mai_Dare:
A yi min uzuri, akwai waɗanda ni ban yi kewarsu ba ko kaɗan. Danƙon harbin tsuntsu da bindigar ashana. Wadda ake yi da wayar ƙafar keke a kankare kan ashana a dura a sa ƙusa a buga a bango. Ina aikin jinya, na ga yaron da dutsen danƙo ya raba shi da ido ɗaya, abokinsa ne kuma ba da gangan ba, kurciya ya nufa. In za a dawo da wasannin da, a zaɓa.

MaiGare_Karkada:
Haka ne Malama, danƙo ya yi ɓarna. Amma na roba na yanzu ma akwai bindiga mai ƙananan ƙwallaye da ake saidawa da salla, ita ma ido take nema.

Dan_KasuwarDole:
Ita kam na daina ɗaukowa, ko an tambaya ba ni da ita.

DanDamagaram_Faransa:
Gaisuwa daga nesa. Abin da ya ba ni mamaki a nan, na shiga wani shago na ga motar waya da keken gwangwani irin namu sak an jera cikin gilashi ana saidawa a matsayin kayan ado na Afirka, kuɗin guda ɗaya ya fi abin da ake sayen motar batir. Na tsaya na daɗe ina duba ɗaurin, wallahi namu ya fi kyau. Na so in koya wa ɗana ta kara amma ina zan samu karan dawa a nan, sai muka yi ta waya da abin rataye riga. Ya je da ita lakwal malamarsu ta sa ya yi wa aji bayani.

Dan_GarinMalam:
Saura ƙwallon marfin kwalba. A share ƙasa a zana fili, marfi goma sha ɗaya kowane ɓangare, gola kuma gidan ashana da aka cika da ƙasa, a riƙa ɗalla marfi da yatsa. A 1990 da Kamaru ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Italiya kowa marfinsa na gaba Roger Milla ne, har faɗa ake yi a kan sunan. Da 1994 ta zo sai aka koma Yekini.

GaskiyaDaci:
Wannan kam na yi, kuma na iya. Amma ban canza magana ba, da an ba mu balo na fata lokacin da ba mu kalli marfin kwalba ba.

DanBirni_76:
Na gode kowa da kowa, ban zaci abin zai yi nisa haka ba. Maganar Dan_KasuwarDole ta rashin kayan aiki da ta Hajiya sun tsaya min a rai. Amma har yanzu ba wanda ya ce komai kan koɗi, ko ni kaɗai na sha dukan bayan hannu?

Dan_SabonGari:
Ina fa kai kaɗai. Mu da marfin bik da murfin babban batir muke haɗa shi, ka murza a rairayi yana juyi sai ka share shi da gefen hannu ya kife. Wanda nasa bai kife ba ya miƙa bayan hannu a sauke masa koɗin.

Dattijo_KofarFada:
Na marfin bik na bayan nan ne. Na asali da katantanwa ake yi, a goge bakinta a dutse har ta daidaita, kuma ta fi daɗewa tana juyi.

Makanike_TudunJamus:
Baba na tarar da na katantanwa amma saurin fashewa gare shi, shi ya sa muka koma yanka gwangwani muna naɗewa. Sai dai a kartiyenmu in da na gwangwani ake yi ba a duka da tsinin, da gefe ake yi, an hana tun da ya huda hannun wani.

MaiGare_Karkada:
A Karkada da tsinin ake yi kuma sau uku ne, sai in ka ce ka tuba a rage maka ɗaya. Yar_Mirya don Allah in kin shiga kasuwa ranar Lahadi ki tambayar min kuɗin 'yan tukwanen nan saiti guda, 'yata nake son saya wa kafin salla.